Zaharaddeen Ya Soke Barci

Ranar da Zaharaddeen ya soke barci, a teburin mai shayin bakin layinsu a Gusau ya yi sanarwar. Yana tsaye, kofi a hannu, kamar wanda aka gayyato buɗe sabuwar gada.

"Daga yau ni da katifa mun raba gari," in ji shi. "Ku bincika, duk wanda ya yi suna a duniyar nan ba ya barci."

"To mai gadin kasuwa fa?" in ji mai shayi. "Shekara ashirin bai runtsa ba, kai ko sunansa ba ka sani ba."

Aka kwashe da dariya. Zaharaddeen ya ce ba zai tsaya musu da mutumin da iyakar tunaninsa madara da siga ba. Kafin azahar ya ciccibo katifarsa ya kai wa wani maƙwabci kyauta, a gaban shaidu, don kada zuciya ta raya masa komawa.

Bara ya gama hidimar ƙasa. Labarin ƙasa ya karanta a jami'a, amma shi ya raɗa wa kansa Injiniya, kuma in ba ka kira shi haka ba sai ya yi kamar bai ji ba. Abin da ya sa a gaba shi ne wani wasa da ya ƙirƙiro, irin na allo kamar ludo, mai suna Noma Ba Hutu. Allon an raba shi gona talatin, kowa ya shuka, ya yi noma, ya tara amfani. A cewarsa wannan wasa ne zai binne dara a Zamfara, ya bi ludo har gida ya kore ta. Ƙanwarsa Husaina, wadda ita ce ta karanta kwamfuta da gaske, tana haɗa masa irin wanda za a buga a waya. Dukansu biyu a gidan Goggo Rabi suke zaune, ƙanwar mahaifinsu.

Matsalar ita ce mahaifin nasu, Malam Mu'azu, ya gaji. Ya taso takanas daga 'Yankuzo ya zauna a tsakar gida, ya saurari bayanin ɗansa na awa ɗaya da rabi. Da aka gama ya gyara hula.

"Na ji. Yanzu kai ji nawa. Ka san Yaya Labbo a Bungudu, ka san majalisarsu ta dara. Ka kai musu wanga abu naka. In sun buga shi tun daga farko har ƙarshe, sau ɗaya tak, na bar ka a Gusau ka yi ta injiniyancinka. In ruwan farko ya sauka ba a yi haka ba, akwai fartanya can gida da ba ta da mai ita."

"Baba, ai ka ba ni aiki mai sauƙi. Baffa Labbo da kansa zai tone ramukan dararsa ya shuka kuɓewa a ciki."

"Allah shi sa," in ji Malam Mu'azu, ya tafi neman mota.

Saura mako biyar ruwa ya sauka, in an bi lissafin tsofaffi. Shi ya sa katifa ta tafi.

A lokacin nan, wasan dokoki shida gare shi, a takarda ɗaya, kuma Husaina ce ta rubuta su. Ita ga yadda take aiki: ta fara da hantsi, ta tashi da azahar ta ci abinci, ta ɗan kishingiɗa, ta koma, da la'asar ta rufe kwamfuta ta shiga taya Goggo tsinke zogale. Wannan abu yana ƙona wa Zaharaddeen rai.

"Ke fa Husaina da wannan lalacin naki ko kamfanin ƙuli-ƙuli ba za ki kafa ba."

"Yaya, jiya na gama gona talatin ɗin duka a waya. Kai me ka gama?"

"Ni tunani nake. Doka goma sha tara na ƙara tun shekaranjiya."

"An gwada ko ɗaya?"

"Gwaji na masu shakka ne."

Ya karɓi takardarta ya duba. Doka ta huɗu ta ce duk gonar da aka bari ta huta zagaye ɗaya, amfaninta zai ninka. Ya ja layi a kai. Doka ta biyar ta ce ɗan wasa na iya barin zagaye ya wuce shi don ya tara ƙarfi. Ya ja layi biyu. Ta shida kuwa da ya ga kalmar hutu a cikinta bai ma ƙarasa karantawa ba, ya yage gindin takardar ya jefa a murhu. Ya ɗauko sabon littafi mai bango ja, ya rubuta a shafin farko da manyan baƙaƙe: DOKA TA ƊAYA, BA HUTU.

Daga nan dokoki suka riƙa haihuwa. Goro a kunci, shayi baƙi a gefe, idanu kamar an diga musu barkono. Akwai dokar fara, akwai dokar gamzari, tsutsar nan mai cin shuka, akwai dokar abin da za a yi in akuyar maƙwabci ta shiga gona alhali mai gonar ya tafi biki. Akwai wata doka ta tamanin da bakwai da shi kansa da safe ya kasa karanta ta, don rubutun ya gangara ya fita daga takarda ya hau kan tabarma.

'Ya'yan wasan kuma ya ce ba zai yi amfani da roba ba. Wake na gaske, masara ta gaske, gyaɗa ta gaske, don manomi ya ji abin a hannunsa. Ya sayo tiya guda ta wake ya zuba a gwangwanin madara babba zai rufe. Goggo Rabi ta leƙo.

"Kai Zaharaddini, zuba barkono a ciki, ko toka. Waken bara ne wannan."

"Goggo, wannan kayan aiki ne, ba na miya ba."

"Ƙwaro ya san da haka?"

"Ba ni da minti biyar na daka barkono. Kin san abin da minti biyar ke nufi a wurin mutum irina?"

"Na sani," in ji Goggo. "Jiya ka yi arba'in kana neman biron da ke bayan kunnenka."

Ya danne murfin da dutse, ya tura gwangwanin ƙarƙashin tebur.

A mako na biyu jikin ya fara karɓar haƙƙinsa ba tare da neman izini ba. Ran nan a masallacin layi aka yi sallar azahar, aka sallame, aka yi addu'a, aka watse, Zaharaddeen yana nan durƙushe goshi a ƙasa. Wasu dattawa biyu suka tsaya suna yaba tarbiyyar gidan Malam Mu'azu, wai yaran yanzu ba a samun irin wannan. Suna cikin yabo sai munshari ya tashi, mai ƙarfi, har ladan ya leƙa waje yana zaton babur ne. Da aka tashe shi ya ce shi ba barci yake ba, wata doka ce ta zo masa yana bin ta a hankali kada ta gudu.

Allon kuma a Tsafe ya ba da aikinsa, wurin Sabiru kafinta, don ya ce kafintocin Gusau za su sace masa fasaha. Awo ta waya ya tura, a daidai lokacin da yake ganin lambobi bibbiyu. Ran da ya je karɓa, Sabiru ya fito da abin daga shago shi da mutum biyu suna nishi.

"Ga ta nan, Injiniya. Katako mai kyau, ko ɓarawo ya gani sai ya haƙura."

"Mene ne wannan?"

"Ƙofarka mana."

"Allo na ce! Allon wasa! Wanda za a ɗora a cinya!"

Sabiru ya ciro waya ya nuna masa saƙon. Tsawo ƙafa bakwai, faɗi ƙafa uku, a zana gida talatin.

"Ni dai na ce wannan mutum yana son ado. Sakata da wurin kwaɗo ma kyauta na sa maka. Wace cinya ce za ta ɗauki ƙafa bakwai?"

Masu gyaran babur na gefe sun riga sun taru. Zaharaddeen ya dubi ƙofa, ya dubi jama'a, ya gyara tsayuwa.

"Daidai ne. Gwada ka nake. Babban wasa sai babban allo."

Aka ɗaure ƙofa a saman bas, ya shiga ya zauna kusa da taga, ya ce wa kwandasta Gusau zai sauka. Bai ƙara sanin inda yake ba. Motar ta shiga Gusau ta sauke mutane ta ɗebi wasu, ta fita, ta wuce Bungudu. A Maru kwandasta ya girgiza shi da hannu biyu.

"Malam, tun Gusau nake kiranka, har ruwa wata tsohuwa ta yayyafa maka. Mun ɗauka ma sai dai a kira 'yan uwa."

"Hanya nake nazari," in ji Zaharaddeen yana goge yawu. "Ni labarin ƙasa na karanta."

Da yake dawowa ya ga gara ya ajiye ƙofar a Bungudu tun da can za a yi wasan. Baffa Labbo, dogon tsoho mai farin gemu wanda shekara talatin ba a taɓa cinye shi a dara sau biyu a jere ba, ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ja sakatar ya mayar.

"Madalla da ɗa na gari. Wa ya hwaɗa maka garken awakina ba shi da ƙofa?"

"Baffa, allon wasa ne."

"To, to. A jingine shi nan kusa da garken dai."

Mako na huɗu littafin ja ya cika, aka shiga na biyu. Doka ɗari biyu da goma sha huɗu. Husaina ta ce su zauna su buga ko sau ɗaya a tsakar gida, ita da shi da Goggo.

"Ki bari sai na ƙarasa."

"Yaya, ka kwanta yau kawai. Ka tashi da ido ɗaya-ɗaya ka karanta abin da ka rubuta. Akwai abin da ka cire wanda..."

"Abin da na cire ragwanci ne. Ke dai ki zuba sababbin dokokin a waya."

"Ba zan zuba ba. Nawa yana nan da shidansa."

"Shi ya sa ba za a taɓa jin sunanki ba."

Ranar Laraba da safe Goggo ta fito shanya ta dubi gabas ta ce iskar nan ta canza. Zaharaddeen ya buga wa mahaifinsa waya ya ce gobe bayan la'asar a haɗu a Bungudu, ya zo da wanda duk yake so ya zo da shi, har da mai hoto in da hali.

Alhamis bayan la'asar gindin darbejiyar ƙofar gidan Baffa Labbo ya cika. Labari ya riga ya zaga cewa wani yaro daga Gusau zai kashe dara da ƙofa. Aka kwantar da ƙofar a ƙasa, a kan ramukan darar ma, tsofaffi huɗu suka zauna a kusurwoyinta, kowa sai ya ɗaga murya kafin na can ƙarshen ya ji shi. Malam Mu'azu ya zauna a kan benci da wani dogon abu naɗe a buhu a gefen ƙafarsa. Husaina tana daga bakin zaure. Can gabas kuwa hadari ya fara haɗa kai.

Zaharaddeen ya zo da babbar riga. Ya buɗe jawabi da tarihin wasanni tun daga zamanin Fir'auna.

"Yaro," in ji Baffa Labbo, "dubi sama, ka taƙaita."

Ya taƙaita. Ya ɗauko gwangwani ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ya ɓalle murfi, ya juye a tsakiyar allo. Abin da ya zubo rabinsa wake ne mai huji kamar rariya, rabinsa gari, sauran kuma yana tafiya da ƙafafunsa. Ƙwari suka bazu cikin gonaki talatin, kowane ya kama tasa.

"A'a!" in ji wani tsoho mai jar hula yana janye ƙafa. "Su 'ya'yan da kansu suke tahiya? Lalle boko ta yi nisa."

"Da gangan ne," in ji Zaharaddeen. "Darasin annoba ne. Yana cikin doka ta... yana ciki dai."

Kaji ba su jira a nemo dokar ba. Kaza ɗaya ta fara, sai ga 'yan uwanta bakwai da zakara. Aka yi ta kora da hula, aka tsince abin da ya saura, aka raba wa 'yan wasa wake tara-tara da 'yar masara.

Aka fara. Baffa Labbo ya jefa ƙwayar ludo, uku ta fito, ya shuka gero a gona ta uku. Zagaye ya dawo, doka ta ce ya sake shukawa a nan. Ya sake. Zagaye na uku ma haka.

"Tsaya. Wagga gona ba ta hutawa? Ba a ko juya mata wake?"

"Doka ta ɗaya, Baffa. Ba hutu."

"Wanda ya rubuta wanga abu ya taɓa riƙe fartanya?"

"Zai riƙe," in ji Malam Mu'azu daga kan benci.

Mai jar hula ya ce shi zai tashi ya kama ruwa, a tsallake shi. Zaharaddeen ya buɗe littafi ya ce ba a tsallake kowa, wanda ya tashi fara ta cinye gonarsa. Tsoho ya zauna yana matse ƙafa yana ambaton sunayen kakannin Zaharaddeen ɗaya bayan ɗaya. Wani ya faɗa dokar akuya da biki, aka yi minti goma ana neman shafin, aka samu, sai ta ce a duba doka ta tamanin da bakwai. Aka duba.

"Ina sauranta?" in ji Baffa.

"Tana kan tabarma a Gusau," in ji Husaina daga zaure.

Duk da haka tsofaffin nan suka daure, don Baffa Labbo ya ce ba za a ce majalisarsa ta zalunci ɗan ƙaninsa ba. Zagaye ashirin. Zagaye talatin. An shuka, an nome, an sake shukawa. Iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya, aka jiyo tsawa can nesa. Baffa ya ɗaga hannu.

"To Injiniya, mun yi noma har bayanmu ya ƙage. Yaushe ake ci?"

"Na'am?"

"Wasan. Ina ƙarshensa? Dara in na cinye maka 'ya'ya an gama. Wanga fa, mi za a gani a ce wane ya ci, a tashi?"

Zaharaddeen ya yi murmushin wanda aka yi wa tambayar yara. Ya buɗe littafi na biyu daga baya. Ya dawo tsakiya. Ya ɗauko na farko. Ya lashi yatsa ya bi shafi-shafi, gumi yana ɗiga a kan dokar gamzari.

"Husaina," ya ce a hankali, "ina dokar gamawa?"

"Ita ce ta shida, Yaya. Bayan zagaye goma sha biyu kaka ta yi, kowa ya ajiye fartanya ya huta, a auna amfani. Ka ce ragwanci ce ka sa ta a murhu. Da ita Goggo ta hura wutar ɗumame."

Dariyar da aka yi har matan cikin gida sai da suka leƙo ta katanga. Mai jar hula ya ce shi dai a ba shi fatawa, ya tashi ko fara na nan?

"Ku dakata!" in ji Zaharaddeen. "Minti ɗaya. Yanzu zan ƙirƙiro wata. Irina ba ya rasa doka."

Ya durƙusa a gefen ƙofar, ya dafe goshi da hannu, ya rufe ido don tunani ya zo da kyau. Kan ya yi ƙasa a hankali, a hankali, har ya sauka a gona ta goma sha bakwai. Munsharin da ya biyo baya ladan Gusau ne kaɗai zai iya shaida shi. Kaza ta dawo ta tsince waken da ya maƙale masa a gefen hula, bai motsa ba.

Ɗigon farko a kan littafin ja ya faɗi. Na biyu a ƙeyarsa.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Mu'azu, yana kwance bakin buhun da ya naɗo fartanya a ciki. "Damina ta kama."

Mutum huɗu suka ɗauki Zaharaddeen kamar buhun gero suka shigar zaure, wasu huɗu suka ɗauki ƙofar suka yi laima da ita, daga nan ba ta tsaya ko'ina ba sai bakin garken awaki. Ta zauna daram kamar an auna.

Ana jiran ruwa ya tsagaita Husaina ta miƙa wa Baffa wayarta, ta nuna masa inda ake dannawa. Dokoki shida, ta faɗe su a numfashi biyu. Tsofaffi huɗu suka haɗa kai a kan 'yar wayar, Baffa ya bar gonarsa ta huta sau biyu, ya cinye su kafin kiran magariba, ya ce a sake. A zagaye na biyu mai jar hula ya so barin layi ya wuce shi, ya waiga ya dubi wanda ke shimfiɗe a kan tabarma baki buɗe, ya ce, "Ni dai wanga karon na yi Zaharaddini." Har yau a majalisar nan haka ake kiran dokar, kuma ita ce kaɗai hanyar da sunan Injiniya ya shiga wasan.

Sai hantsin Juma'a ya farka. Abu na farko da ya ce shi ne ai wasan Husaina nasa ne, tun da shi ya raɗa suna, saboda haka an cika sharaɗi.

"Sunan ma an canza," in ji Baffa. "Tashi, mota na jira."

Asabar da sassafe Malam Mu'azu ya tsayar da shi a bakin gonarsu ta 'Yankuzo, ƙasa ta jiƙe tana ƙamshi, kunya-kunya har inda ido ya tsaya. Zaharaddeen ya yi bayani cewa a ilmance zai gama wannan kafin azahar, don ya san yanayin ƙasar. Ya yi kunya ɗaya. Ya yi rabin ta biyu. Ya miƙe yana dafe ƙugu, tafin hannu ya yi ruwa, ya hango inuwar wata bishiyar ƙirya a gefen gona.

"Baba, ba a ɗan zama ne? Ko minti biyar."

Malam Mu'azu bai ɗago ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro littafin ja, wanda ruwa ya kumbura, ya miƙa masa ta baya.

"Ni ban yi boko ba. Karanta mini ta farkon."